Carys Da Gidan Ƙarfe

Akwai wata mata, Carys, a wani gari da ke kudancin Wales, a ƙasar Birtaniya. Direbar bas ce, tana zaune a gidan haya da mahaifinta Emrys, wanda ƙafafunsa suka shanye.

Rannan mai gidan, Mista Probert, ya ce zai sayar. Hankalin Carys ya tashi, don a nan tsohon ya saba, a nan abokan hirarsa suke. Ta ce ita za ta saya.

Sai dai gidan irin waɗanda aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, ginshiƙansa duk ƙarfe ne aka lulluɓe da bango. Duk bankin da ta je neman rancen sayen gida, da an ji "ƙarfe" sai fara'a ta gushe. Tsoronsu tsatsa. Masu inshora ma haka suka yi ta sallamarta.

"Baba, sun sake ƙi," ta ce, ta zube a kujera.

"Ƙyale su, 'yata. Ni da gidan nan duk tsofaffin ƙarafa ne, kuma ba mu faɗi ba. Ɗora mana shayi."

Da ƙyar wani ƙaramin banki ya saurare ta. Suka ce ta kawo injiniya ya duba ƙarfen, in lafiya lau yake za su bayar.

Injiniyan ya fasa bangon gaba, ya haska fitila. Ƙarfe garau! Har ya fara tattara kayansa. Amma Carys ta san bangon baya, na ɗakin Baba, kullum a jiƙe yake.

Ta buɗe baki za ta faɗa, sai Mista Probert ya ja ta gefe. "Ke, kama bakinki. Ya ce lafiya, me kuma kike nema? Ko so kike ku kwana a tashar bas?"

Ta dubi ɗakin mahaifinta, sannan ta kira injiniyan. "Don Allah malam, duba mana baya ma."

Da aka fasa, tsatsa ta cinye gindin ginshiƙin, har yana marmashewa a hannu. Injiniyan ya girgiza kai. "Wa ke kwana a nan? A fitar da shi yau ɗin nan."

Aka mayar da gadon Emrys falo. Carys ta sha kuka, tana ganin da bakinta ta kori kanta daga gidan. Duk da haka ta kai wa bankin sakamakon yadda yake.

Ma'aikaciyar bankin ta karanta, ta ɗago. "Abin da ba mu sani ba shi muke tsoro. Wannan kam an san ciwonsa. A gyara, ki dawo."

Mista Probert ya yi ta faɗa, amma ya san yanzu babu mai sayen gidan a haka. Dole ya biya kuɗin gyara. Aka sa sabon ƙarfe, banki ya ba da rance, masu inshora ma da suka ga shaidar gyaran suka amince.

Ranar da aka ba su takardun gida, Emrys ya gangara da kekensa na guragu bakin ƙofa yana ƙwala wa maƙwabta kira: "Ku fito ku gaida mai gida! Ni ma yanzu ɗan hayarta ne, kuma ko sisi ba zan biya ba!"

Darasi: Kada tsoron rasa abin da kake so ya sa ka ɓoye aibin da ka sani. Gaskiya na iya jinkirta maka buƙata, amma ita ce za ta sa ka kwana lafiya a ƙarƙashin rufinka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na tsaka da irin wannan jarabawar.