Na'urar Da Aka Sayar Wa Suruki

An yi wani mutum a nan birnin Yamai. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma su ba su yi wa kowa laifi ba. Yana da kanti a unguwar Zongo inda yake sayar da ordinater, wato kwamfuta. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba. In aka kira salla yana cikin masu fara rufe ƙofa. Abu guda ne ya ɗauka ba kome ba.

Ya 'yan uwa, wasunku ba su san na'urar nan ba, kamar yadda ni ma ban san ta ba sai da furfura. Ƙarfe ce kawai, ba ta aiki sai an zuba mata abin da ke tafiyar da ita, wanda masu sana'ar ke kira sistem. Akwai na asali, da ake saye da izinin masu shi. Akwai na jabu, da ake kwafa a faifai a bayan kanti. Ranar saye ido ba ya bambanta su. Mutumin nan na jabu yake zubawa, ya manna wata 'yar takarda mai ƙyalli a jikin na'urar, ya karɓi farashin na asali. In maƙwabtansa na sana'a suka ce ya riƙa gaya wa mai saye gaskiya, sai ya yi dariya, ya ce Turawan da suka ƙera abin ba su ma san da zamansa a duniya ba.

A shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki, yunwa ta shiga karkara. Uban matarsa, Alhaji Halidu, dattijo ne ɗan ƙasar Tawa da ke zaune a unguwar Yantala, kuma shi ne shugaban ƙungiyar 'yan garinsu mazauna Yamai. A garin nasu rumbuna sun ƙare tun kafin bazara, mata na tafasa ganye su ba yara. Alhaji ya yi ta zirga-zirga har wata ƙungiyar agaji ta yarda ta kai wa garin hatsi ta hannunsa. Suka ce a buɗe ɗan biro, wato ofis, a sayi ordinater ta aika rahoto, su za su biya. Sharaɗinsu shi ne ta zama sabuwa, kome nata na asali.

Kun san al'adarmu. Dattijo ba ya zuwa kantin mijin 'yarsa ya tsaya ciniki. Alhaji ya aiki ƙanensa Sumana, ya ce a gaya wa mijin 'yarsa Saratu ya zaɓo masu mai kyau. Bai ce a taya ba, bai ce a buɗe kwali a duba ba.

Mutumin nan ya san haka. Ya san a duk Yamai babu mai sayen da ya kai wannan sauƙi, domin kunya ba za ta bari a bincike shi ba. Me ya kamata ɗan halak ya yi da irin wannan amana? Shi kuwa ya ɗauko faifansa na kullum ya zuba, ya manna takardarsa mai ƙyalli, ya ɗora wa Sumana kwali a bayan babur, har da saƙon gaisuwa ga Baba.

Ba a daɗe ba fuskar na'urar ta yi baƙi, wani rubutu na Faransanci ya fito a gefe. Issoufou, sakataren ƙungiyar, ya karanta wa Alhaji: na'urar da kanta ke cewa mai yiwuwa abin da ke cikinta ba na asali ba ne. Dattijo ya ce kada a sake faɗin haka a gabansa, wataƙila zafin gari ne ya taɓa ta. Ya sa Sumana ya mayar da ita a duba.

Nan Allah ya buɗe wa mutumin nan ƙofa. Da ya sauya abin da na asali, da magana ta mutu a kantinsa. Amma ya ga in ya sauya, kamar ya amsa laifi ne a gaban surukai. Sai ya yi wata dabara da ke ɓoye rubutun, ya ce wa Sumana yawan ɗaukewar wuta ne ya jawo, su daina barin kowa yana taɓa ta. Sumana ya yi masa godiya. Ku ji fa, har godiya aka yi masa.

Lokacin kuwa na bincike ne. Hukuma na bin diddigin duk abin da aka saya da sunan jama'a, masu agaji su ma sun tsananta. Wata safiya suka zo biron Yantala tare da wani jami'i, dattawan ƙungiya na zaune a kan tabarma suna jiran jin ranar da motar hatsi za ta tashi. Ma'aikacin masu agajin ya kunna na'urar, ya ɗan danne-danne, sai ta koma baƙa, rubutun nan ya dawo a gaban kowa. Ya kankare takardar mai ƙyalli da farce, ta ɓare kamar ta kwalbar magani.

Aka tambayi Alhaji Halidu wa ya sayar masa. Issoufou ya buɗe baki, dattijo ya ɗaga masa hannu.

"Ni aka ba amana, ni na saya," in ji shi. "Duk abin da ya biyo baya, a kaina yake."

Aka sake tambaya, ya maimaita abin da ya faɗa. Yaya zai kama sunan uban jikokinsa a gaban jami'i? Masu agajin suka fahimci abin yadda kowane baƙo zai fahimce shi: tsoho ya sayi na banza ya ci ragowar. Suka ce wanda ya yi haka a na'ura zai yi a buhu. Suka cire hannunsu daga ƙungiyar, sai an sami wata hanyar kai hatsin. Kafin a same ta, an kai wa garuruwan da ke kewaye, garin Alhaji yana jira. Jandarmomi suka riƙe Alhaji 'yan kwanaki, suka sake shi don tsufansa. 'Yan garinsu suka sauke shi daga shugabanci. Mutumin da ake miƙewa in ya shigo masallaci ya koma mai salla a sahun baya, kansa a ƙasa.

Shi kuwa mai kanti ya tafi jaje. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin zaure, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Alhaji ya dube shi sau ɗaya, ya kawar da kai.

"Yaya yaran?" ya ce.

"Lafiya lau suke, Baba."

"Madalla. A gaishe su."

Mai kanti ya tashi ya tafi da maganar a cikinsa.

Sumana bai da irin haƙurin yayansa. Ya faɗi maganar a Babbar Kasuwa, a rumfar wani mai atamfa, kafin la'asar labari ya iso Zongo. Waɗanda suka taɓa saye a hannun mai kantin suka fara dawo da na'urorinsu. Abokan sana'a suka sa masa suna Alhaji Orijinal. In ya zo wucewa, mai shayi ya ɗaga murya ya ce a zo a sha, nasa na asali ne, ba ya yin baƙi bayan wata guda. Saratu ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi ko gaskiya ne, ya kasa ɗaga ido, ta kwashi yaranta ta koma Yantala. Kanti ya mutu a hankali, har mai gidan ya ba wani haya.

Da mutumin nan ya ga ba abin da ya saura, sai ya yi niyyar zuwa ya faɗi gaskiya a gaban dattawan ƙungiya. Ya tarar Alhaji ya bar Yamai. Dattijon ya koma garinsu, ya ce gara ya zauna cikin waɗanda aka hana hatsi saboda shi, ya ci abin da suke ci. Can ya rasu kafin kaka, bai taɓa kama sunan kowa ba.

Mutumin nan ya je ta'aziyya. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Aka shimfiɗa masa tabarma kamar kowane suruki, aka kawo masa ɗan kunun da ya rage a gidan. Ya riƙe ƙwaryar, ya dubi yaran da ke kallonta, ya kasa kai ta baki. Wanda zai ce masa na yafe, an riga an rufe shi.

Ya 'yan uwa, kun san matsayin mai algus a addininmu, ba sai na maimaita ba. Wanda ya zuba ƙasa a hatsi da wanda ya zuba jabu a na'ura, zunubinsu ɗaya. Mafi muni kuwa shi ne ka cuci wanda ka san kunyarka ce za ta rufe masa baki. Kai mai sayarwa, faɗi abin da ke cikin kayanka, ko da ciniki zai watse. In ka riga ka yi kuskure, gyara tun mai haƙƙin yana numfashi. Kai kuma mai saye, musamman in dukiyar jama'a ce a hannunka, buɗe ka duba, ka tambayi wanda ya sani, ko da ɗan'uwanka ne ya sayar maka. Tambaya ba cin fuska ba ce.

Allah ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin waɗanda suka yarda da mu. Allah ya ba mu ikon neman gafara tun ana jin muryarmu. Allah ya kiyaye mu, mu da zuriyarmu. Amin.