Askin Ƙudan Zuma

Ƙawata Talatu, matso ki ji. Hakimin garinmu ya tsinci farin gashi a zumarsa. Fadawa suka kasa cewa daga gemunsa ya faɗo, suka ce, "Ai ƙudan zuma gashi gare su, ranka ya daɗe."

Ya kira Ɗanliti wanzami. "Aske su duka, ko ka bar garina."

"To, ranka ya daɗe. Amma a al'adarmu, mai yaro ke riƙe masa kai. Amyar taka ce. Bisimilla, kamo min na farko."

Hakimi ya ji ƙugin amya, ya shafa gemu. "Allahn da ya ba su gashi ya san dalili. A bar su."

Astagfirullah, kada ki gaya wa kowa. Kawun maigidana ne.