Harsashin da Ya Ratsa Ƙofar Baya

An yi wani mutum a garin nan namu, ba zan kama sunansa ba. Tsofaffin cikinku sun san shi, yara kuma ba sunan ne zai amfane su ba. Kafinta ne. Bencinan da kuke zaune a kai yanzu, shi ya fere su da hannunsa, bai karɓi ko sisi ba.

Ya 'yan uwa, wa ya tuna yadda garin nan yake a lokacin? Mutum ya bar makulli a jikin a-kori-kurarsa ya shiga kanti. Da yamma kowa yana barandarsa da kofin shayi mai ƙanƙara, duk motar da ta wuce a ɗaga mata hannu, ko an san mai ita ko ba a sani ba. Ran Asabar a soya tarwada a bakin rafi, mata su kawo burodin masara da ɗuminsa. Talakawa ne mu a cikin duwatsun Arkansas, amma barci muke har da minshari.

Mutumin nan yana da mata, Lorene, da maƙwabci, Virgil Tackett. Shi da Virgil tare suka tashi, rana ɗaya aka yi musu baftisma a rafi ɗaya. Virgil bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan ba. Ta baya yake shigowa, ya zarce kicin ya buɗe tukunya, yana cewa, "Lorene, har yanzu kina fama da wannan tsohon? Ki sayar da shi ki sayi akuya, ta fi shi amfani." Shi kuma ya ce, "Kai dai ci ka tashi, ɓarawon wake."

Wata Lahadi suka dawo daga coci suka tarar an fasa taga. An zazzage akwatuna, an ɗauke agogon mahaifinsa da zoben mahaifiyar Lorene, ga sawun takalmi da taɓo har kan gadonsu. 'Yan sanda suka zo suka duba suka tafi. Ba a kama kowa ba. Abin da ya fi ci masa rai ba agogon ba ne, yadda ya ga matarsa tana rawar jiki a tsakar ɗakinta, shi kuma yana tsaye ba abin da zai iya.

Sai ya sayi ƙaramar bindiga, ya shiga ajin koyon harbi don tsaron gida, a filin harbin da ke bayan gari. Ku saurare ni da kyau. Wannan ba zunubi ba ne. Rabinku kuna da bindigar farautar barewa a gida. Mutum ya kare iyalinsa, ya kuma nemi sani kafin ya riƙe makami, hankali ne.

Malaminsu wani tsohon soja ne, Sajan Harlan Mabry, mai ɗingishi. Kafin ya bar kowa ya taɓa harsashi, sai da ya gajiyar da su da magana. Kada ka nuna bakin bindiga ga abin da ba ka shirya hallakawa ba. Yatsa ya yi nesa da kunamar bindiga. Kada ka harbi motsi, kada ka harbi inuwa, sai ka ga fuska. Yakan ce, "Ranar da na fi so a rayuwarku ita ce ranar da za ku mutu da tsufa, bindigar nan ba ta huda komai ba sai takarda."

Mutuminmu ya fi kowa saiti. Hannun kafinta ba ya rawa. 'Yan ajin suka riƙa bubbuga kafaɗarsa suna cewa, "Wanda ya shiga gidanka ya shiga uku!" Sajan Mabry ya yi ta faɗar dokoki, amma yabon nan shi ne ya zauna masa a zuciya.

A nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Tsoro ya juye ya zama girman kai, girman kai ya haifi fushi. Da, addu'a yake kada ɓarawon ya dawo. Yanzu ya fara fata ya dawo. In ya tsaya gaban takardar saiti, fuska yake nema ya ɗora mata. Da bai sami fuska ba, sai ya ari ta Dwight, ɗan Virgil, saurayin da aka taɓa kamawa da maye. Ba shaida, ba komai. A kantin kayan gini ya faɗa, gaban mutane.

Virgil ya same shi a baranda, ya ce, "Yaron da ka ɗauka a kafaɗa ranar da aka haife shi? Shi kake kira ɓarawo?" Mutuminmu ya ce, "In ba shi ba ne, ya zo ya rantse." Virgil ya sa hularsa ya tafi. Daga ranar aka sa wa ƙofar baya sakata.

Mutuminmu ya daina zaman baranda. Ya daina zuwa suyar kifi. Ko nan coci ya zo, a bencin ƙarshe yake zama yana kallon ƙofa, bindiga a ƙugu. Lorene ta ce masa, "Ɓarawo sau ɗaya ya tsorata ni. Kai kullum kake tsorata ni." Ya ce ai dominta yake yi. Ashe dominta ne, ya 'yan uwa? Ko domin ya wanke kunyar ranar nan ne da jinin wani?

Shekarar ce aka yi guguwar da ta kayar da turakun lantarki. Gari ya yi kwanaki ba wuta, ga zafi. Aka fara raɗe-raɗin ana fasa gidaje a garin gaba. Lorene tana da ciwon sukari, allurarta kuwa sai da sanyi, ga firji ya mutu. Virgil ya tuna da haka. Duk da abin da ke tsakaninsu, ya tuƙa mota har wata ƙaramar hukumar ya samo ƙanƙara, ya ciko babbar kula.

Da rana tsaka ne. Lorene ta kwanta a ɗaki. Mutuminmu yana zaune a kicin, sai ya ji taku a matakalar baya. Ya ga inuwar mutum a labulen ƙofa. Sannan ya ji ana dukan ƙofar da ƙafa, ana tura ta da kafaɗa. Zuciyarsa ta buga, amma ba don tsoro ba. Abin da ya ji a ransa shi ne: yau ga ranar. Ya miƙe ya zaro bindiga, ya gyara tsayuwa yadda aka koya masa, ya danna kunama.

Da ya zare sakata, ƙanƙara ce warwatse a kan matakala, Virgil kwance a cikinta. Hannuwansa biyu na riƙe da kula, shi ya sa ya bugi ƙofa da ƙafa. Kafin motar asibiti ta ratso itatuwan da suka tare hanya, rai ya yi halinsa.

A kotu, lauyansa ya ce kare gida yake. Aka kira Sajan Mabry. Tsohon ya tsaya, hawaye na zuba, ya ce, "Ban taɓa samun ɗalibi mai saiti kamarsa ba. Kuma ba ranar da ban gaya masa kada ya harbi abin da bai gani ba." Aka tura mutuminmu gidan yari. Aka sayar da gidan da shagon kafinta. Lorene ta koma wurin ƙanwarta a Missouri, can ta rasu bai ga gawarta ba. Opal, matar Virgil, ta ci gaba da zuwa cocin nan, amma ba ta ƙara waƙa tare da mu ba.

Na ziyarce shi a gidan yari. Ya rame, gashi duk ya yi fari. Na so in lallashe shi, na ce tsautsayi ne. Ya girgiza kai. Ya ce, "Fasto, kada ka yi mini ƙarya, na gaji da yi wa kaina. Ina da lokacin da zan ce, 'Wane ne?' Bakina har ya buɗe. Ban tambaya ba, don ba na son in ji amsa. So nake ya zama ɓarawo."

Ya 'yan uwa, kun ji. Mutumin nan bai rasa ilimi ba, an koya masa daidai. Bai rasa mai yi masa faɗa ba, matarsa ta yi. Abin da ya kashe Virgil Tackett ya daɗe a ɗure cikin ƙirjin amininsa kafin a ɗura bindigar. Zato ne, da girman kai, da ƙishirwar ramuwa da ya yi wa suna tsaron gida.

To kai fa? Wa ka yanke wa hukunci a zuciyarka ba shaida? Wane maƙwabci ne ka daina gaisarwa, har kana jira ya yi kuskure ka ji daɗi? Ka je ka same shi yau, tun yana da kunnen jin ka. In kana da makami, ka koyi riƙe shi, ka kuma roƙi Allah kada ya nuna maka ranar amfani da shi. In ka ji ranka ya fara marmarin wannan rana, ka ajiye shi, ka durƙusa.

Allah ya kiyaye mu daga fushin da ke zuwa da rigar gaskiya. Allah ya kiyaye maƙwabtanmu daga hannunmu. Amin.