Katin Baba Ishaku

Abdulbaqi ma'aikacin kwamfuta ne a wata masana'antar jima da ke Challawa. Ya iya aikinsa, wannan ba a musu, amma ba shi da haƙurin jira ko na sisin kwabo. Ko shayi aka miƙo masa sai ya ƙona harshe.

Wata rana aka sa shi kafa makullan lantarki a ƙofofi talatin na kamfanin, kowace ƙofa da katinta. Cikin kowane makulli akwai ƙaramar kwamfuta mai ƙirƙiro lambar sirrin katin. Idan aka kunna ta sabuwa, sai ta tsaya cik tana tattara abubuwan da ba mai iya hasashensu, irin su ɗan bambancin lokaci tsakanin saƙo da saƙo. Sai ta tara isasshe ta cakuɗa, sannan ta ba da lamba. Jiran nan ya ishi Abdulbaqi tun a ƙofa ta biyu.

Sauda, wadda ta girme shi a aikin, ta ce, "Ka bar ta ta gama. Sabbi ne dukansu. In ka hana su jira, abu ɗaya za su ba ka."

"Haba Anti Sauda, lamba ai lamba ce," in ji shi.

Tana juya baya ya cire umarnin jiran. Kafin la'asar ya gama, manaja har da yi masa tafi.

Bayan wata huɗu, buhunan sinadarin jima suka ɓace daga sito. Na'ura ta nuna da lambar Baba Ishaku aka buɗe, dattijon da ya shekara ashirin da biyu yana riƙe da siton ba a taɓa kuka da shi ba. A gaban 'yan sanda ya kama hannun Abdulbaqi.

"Ɗana, kai ka san abin nan. Katina bai bar aljihuna ba. Ka duba mini."

"Baba, ku yi haƙuri, na'ura ba ta ƙarya."

Bai duba ba. Aka kori dattijon daga aiki, ya kwana goma sha huɗu a tsare, ya fito da sunan ɓarawo.

Sai bayan wata biyu Abdulbaqi ya kara katin ofishinsa a ƙofar sito bisa kuskure. Ƙofa ta buɗe, allo ya rubuta sunan Ishaku. Ya gwada wani katin, haka. Nan ya gane ƙofofin talatin lamba ɗaya gare su.

Ya hau babur sai gidan Baba Ishaku a Panshekara. Kande, matar Ishaku, ta saurare shi daga bakin ƙofa har ya gama, ba ta ce ya shigo ba.

"Ranar Asabar muka binne shi," ta ce. "Hawan jini. Kullum sai ya ce mini, yaron nan zai duba, ba zai bar ni haka ba."

Darasin da ke nan shi ne, ba kowane jinkiri ne cikas ba. Idan ka ga abu ya tsaya yana jira, ka nemi sanin dalili kafin ka ture shi, kuma ka saurari wanda ya riga ka sani. Mintocin da ka ƙi jira, wani ne zai iya biyan su da mutuncinsa, ranar da za ka gane kuwa babu wanda za ka roƙa gafara.