Magidancin da Ya Toshe Tsagun Dutse

Wata ranar Asabar da hantsi, bayan an gama girbin acca, wani magidanci ya hau dutsen da ke bayan gidansa ɗauke da buhun siminti a ka.

Dutsen nan falale ne mai faɗi, a kansa iyalin suke shanya hatsi. Sai dai ya tsattsage ta ko'ina. Wata tsagar ko yatsa ba ya shiga, wata kuwa hannu yakan nutse har wuyan hannu. Ƙwayar acca ƙarama ce, iska na ɗan motsawa sai ta gangara cikin tsagun, ba mai iya fito da ita. A gindin dutsen kuma akwai ɗan idon ruwa wanda ba ya ƙafewa ko rani ya yi tsanani. Daga nan gidan suke sha, su da awakinsu.

Matar mutumin mai son bin diddigin abubuwa ce. In ta je itace takan dawo da duwatsu a haɓar zani, tana jujjuya su, tana tambaya me ya sa wannan yake ƙyalli, wancan kuma yake marmashewa a hannu. Da ta ga mijinta yana kwaɓa siminti, sai ta hau ta same shi.

Ta ce, "Baban Rifkatu, ka taɓa tambayar kanka ina waɗannan tsagun suka nufa?"

Ya ce, "Gidan ɓera da kunama suka nufa. Na gaji da noma musu acca kyauta."

"Ni dai in ana ruwa nakan ga yana shigewa ciki. Ban taɓa ganin ya dawo ta nan ba."

Ya yi dariya ya ce, "Maman Rifkatu, in hira kike so da dutsen, ki bari siminti ya bushe tukuna."

Ya bi tsagun ɗaya bayan ɗaya ya shafe su, dutsen ya yi sumul kamar daɓen ɗaki. Shanya ta yi kyau, ko ƙwaya ba ta ɓace ba. Duk ranin nan idon ruwan yana nan yana zuba kamar kullum, shi kuwa in ya ga matarsa da tulu sai ya ce, "Yaya abokin hirarki, bai yi fushi ba?"

Da damina ta sauka, matar ta lura da wani sabon abu. Ruwan sama yana kwararowa daga kan dutsen da gudu, yana ratsa tsakar gida, ya bi hanya ya wuce rafi. A da ba ya yin haka. Ta ajiye abin a zuciyarta tana juya shi.

Rani ya sake zagayowa. Ana gama Kirsimeti idon ruwan ya fara ja da baya, kafin bazara sai jiƙaƙƙen yashi kawai. Suka koma ɗibar ruwa a rafi mai nisa, awaki suka rame.

Wata safiya ta ja mijinta suka hau dutsen. Can gefe akwai wata tsaga da ya manta bai shafe ba. Ta tuttula ruwan tulunta a ciki.

Ya ce, "Ruwan da kika sha wuya kika ɗauko?"

Ta ce, "Kasa kunne."

Ya durƙusa. Ya ji ruwan yana gangarawa can ƙasa, yana nisa, har ƙarar ta ɓace.

Ta ce, "Ina ganin dutsen nan randa ne. Da damina yake sha ta waɗannan bakunan, da rani ya riƙa ba mu kaɗan-kaɗan. Wanda muka sha bara tsohon ruwa ne."

Ya miƙe ya ce, "Ina gudumata?"

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Dutsen shi ne zuciyarmu, ruwan sama kuwa Maganar Allah. Tsagun su ne wuraren da muke jin kunyarsu: rashin da muka yi, laifin da ke damunmu, tambayar da muke tsoron yi a gaban jama'a. Simintin shi ne "lafiya lau" da muke amsawa a ƙofar majami'a alhali ba lafiya. Mai shafe tsagunsa yakan yi kyan gani, kuma ba ya gane asararsa nan da nan, gama yana shan abin da ya shiga tun da. Wa'azi yana sauka a kansa kowace Lahadi yana gangarewa. Sai ranar da wahala ta zo ya nemi abin sha a cikinsa ya rasa. Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya duba wace tsaga ya shafe, ya buɗe ta a gaban Ubangiji, ya kuma bar mai tambaya ya yi tambayarsa.

Mutumin ya ƙare bazarar nan yana fasa siminti cikin zafin rana. Wanda ya shige ciki sosai bai fitu ba. Bayan damina idon ruwan ya dawo, amma bai kai ƙarfinsa na da ba. Matar ta saƙa tabarmi, a kansu suke shanya acca.