Jan Kifin Kawu

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ake ji da shi a wajen biki, shi ma kuma yana ji da kansa har fiye da yadda ake ji da shi. Kawunsa ne ya raine shi, da sana'ar sayar da kifin ado a wani ɗan ƙuntataccen shago.

Idon Kawu ya fara mutuwa. Ya kira shi ya nuna masa wani jan kifi a akwatin gilashi, wanda ya shekara bakwai yana kiwo.

"Ɗana, ka yi mini babban hotonsa, in ƙare masa kallo kafin ido ya tafi."

Mai hoton ya ɗauka da filashi, gilashin ya mayar masa da haskensa. Hoto ya fito fari fat, ba kifi ba dalilinsa.

Sai ya je wajen wani tsoho mai gyaran kyamara. Tsohon ya miƙo masa wani ɗan lensi, wato idon kyamara, mai araha.

"Ba ya zuƙo nesa, amma yana shan haske. Kashe filashi, ka manna bakinsa a jikin gilashin, shi ke nan."

Ya kwashe da dariya. "Haba Baba! Ni zan riƙe wannan murfin kwalbar? Abokan sana'a su gan ni?"

Ya yi odar wani zungureren lensi mai tsada. Wata huɗu ana jira. Duk sanda Kawu ya tambaya, sai ya ce, "Yana hanya."

Da kayan ya iso, ashe sai an ja da baya sosai yake kama hoto. Ya ja, ya ja, bayansa ya bugi bango, kifi bai fito ba.

Ya koma wajen tsohon ya sayi murfin kwalbar. Cikin minti goma ya sami hoton da har ɓawon kifin ana ƙirgawa.

Ya wanko shi ƙato ya kawo da murna. Kawu ya karɓa a juye, kai ƙasa wutsiya sama, ya shafa shi da tafin hannu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Jan nasa ya fito kuwa?"

Hoton yana nan rataye a shagon. Kowa ya gani ya yaba, ban da wanda ya roƙa.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Kayan aikin kirki shi ne wanda ya biya buƙata a kan lokaci, ba wanda ya burge 'yan kallo ba. Tura wa wanda yake jan ran iyayensa da "yana hanya".