Kare da Rigar Tunau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani mai tallan gishiri ne, Tunau, yana da Kare mai wayon tsiya. Duk ranar kasuwa in Tunau ya fita, sai hankalin Kare ya tashi. A ɗaure shi, ya cinye igiya. A rufe ƙyaure, ya tona ƙarƙashin danga ya bi sawu. Ran nan Kura ta tare Kare a hanya, da ƙyar ya sha, ya dawo da rabin kunne.

Tunau ya tafi wurin tsoho Kunkuru, ya ce, "Baba, sarƙa zan saya."

Kunkuru ya ce, "In ya fita, ina yake nufa?"

"Duk inda na bi."

"To ai ba gudu yake ba, nemanka yake yi. Tuɓe rigar nan da ta sha guminka, ka shimfiɗa masa, kada a wanke ta. Yau ka je rijiya ka dawo, gobe gona, sannan kasuwa."

Tunau ya yi hakan, ya kuma jera duwatsu a gindin danga. Ranar kasuwa ya bar Kare a gida ya tafi. Da la'asar yana dawowa, sai ya ji Kura a bayan danga tana cewa, "Fito mana, maigidanka ya yar da kai."

Kare bai ko ɗaga haɓarsa daga kan rigar ba, ya ce, "Ya bar mini ajiya. Zai dawo ya karɓa."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma gidanta.